Ɗana yana da asma, an ce kada ya saba da inhela

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara shida yana da asma, mahaifinsa ma haka. Yanzu ina da juna biyu, ina tsoron kada na cikin ya gado. Kuma ana ta ce mini kada in bar yaron ya saba da inhela, wai duk wanda ya fara ba ya rabuwa da ita. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya raba lafiya. Gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Bincike ya nuna hayaƙin sigari tun yaro na ciki, haihuwar bakwaini da ciwon ƙirji mai tsanani a jarirantaka duk suna ƙara haɗarin. Na farkon yana hannunki: kada kowa ya sha sigari a inda kike kwana. A 2016 wani bincike a Amurka ya gano yaran ƙabilar Amish da ke tashi cikin dabbobin gona ba su cika kamuwa da asma ba, ana danganta hakan da ƙananan halittu irin su bakteriya da ke cikin ƙurar gidajensu. Masana na ta bin wannan sawu.

Maganar inhela kuwa ita ke ɓata mini rai, don kullum sai na ji ta. Inhela ba ta kama jiki. Asma kumburi ne a hanyoyin iska, yana nan ko da yaro na wasa lafiya lau. Inhela mai maganin salbutamol buɗe hanya kawai take yi na 'yan sa'o'i. Mai sitiroyid ita ke kwantar da kumburin, da magani ɗan kaɗan da ke sauka kai tsaye cikin huhu. Tun 2019 GINA, ƙungiyar masana ta duniya mai fitar da ƙa'idojin maganin asma, ta daina yarda manya da matasa su dogara da salbutamol shi kaɗai. Sai ki ga uwa ta ɓoye inhela a jaka, ta sayo jiƙon mai cewa zai warkar da asma har abada, alhali an sha samun dexamethasone, wani sitiroyid mai ƙarfi da ke kumbura fuska in an daɗe ana sha, a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗen. Fuskar yaro ta kumbura, a ce ƙiba ya yi!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asma ta kashe mutum 455,000 a 2019. Ku ji tsoron Allah, masu hana yara magani. Hajiya, ki ba shi kamar yadda aka rubuta, ya kurkure baki bayan ya shaƙa. Ranar da kika ga ramin wuyansa na lomawa, ya kasa ƙarasa magana, ki shaƙa masa salbutamol ki nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.