Amsar Muryar Bashir Kan Kofin Sikafa

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma daga Gadarif. Bashir ƙanena, na saurari muryarka, inda ka ce wannan kofin Sikafa, wato na hukumar ƙwallon ƙafa ta Gabashi da Tsakiyar Afirka, wasan motsa jini ne kawai kafin a shiga kakar wasa, bai kai a kira shi kofi ba. To ka ba ni aron kunnenka, wallahi ban yarda da maganar nan ba.

Asalinsa gasa ce ta zakaru. Wanda ya ci lig a Sudan, da na Kenya, da Tanzaniya, Uganda, Ruwanda, Burundi, Habasha, har Zanzibar, su ake tarawa wuri ɗaya su fid da raini. A 1974 aka fara, Simba ta Tanzaniya ce ta fara ɗauka. Daga 2002 shugaban Ruwanda Paul Kagame ya riƙa zuba kuɗin kyauta, shi ya sa kake ji ana cewa Kofin Kagame.

Mu nan Sudan, Marrikh ta ɗauke shi sau 3: 1986, 1994, sai 2014. Na 2014 ɗin nan a Kigali aka yi, a gaban mutanen APR ta Ruwanda, a gidansu, aka ci su ɗaya da nema. Allan Wanga, ɗan Kenya, shi ya jefa ƙwallon. Kuma ka duba, Marrikh ɗin da ta ci Sikafa a 1986, shekara 3 bayan nan ta ɗauko Kofin Mandela na Afirka, ta doke Bendel United ta Najeriya a 1989. A irin wannan gasa 'yan wasa suke sabawa da filin baƙi da ihun baƙi, ba a Umdurman gidan Marrikh ba inda kowa naka ne.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013. Yani, aka ce za a buga a Fashir da Kadugli. Simba da Yanga ta Tanzaniya da Tusker ta Kenya suka janye, suka ce ba tsaro. Ban ga laifinsu ba, kowa yana son ransa. Wasu suka zo, aka buga har ƙarshe, Vital'O ta Burundi ta ci APR 2 da nema a Fashir. Mutanen Darfur da suka saba jin sunan garinsu a labarin yaƙi kaɗai, sai ga ƙungiyoyin ƙasashen waje a filinsu, ga Marrikh ta Fashir tana bugawa a gaban iyayen yaranta. Yau ka san halin da Fashir take ciki, Allah Ya kawo musu ɗauki. Ka je ka ce wa wanda ya zauna a filin nan wasan motsa jini ya kalla.

Inda kake da gaskiya, Bashir, shi ne tsari. Akwai shekarun da ba a buga ba sam. Wani lokaci zakaran ƙasa ya ƙi zuwa, sai a ɗauko na biyu ko a gayyato baƙi, har Red Arrows ta Zambiya ta zo ta tafi da kofin a 2024. Wannan gyara ne a wuyan shugabannin Sikafa: su tsayar da watan gasa guda da kowa ya sani, kuma zakara ya zo da manyan 'yan wasansa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Hilal da Marrikh, manyan ƙungiyoyinmu na Sudan, ba su da filin gida, har lig ɗin Muritaniya suka je suka buga. Ƙungiyar da ke yawo haka, duk gasa ta gaske da ta samu a kusa, riba ce gare ta da mu magoya baya. In aka saka jadawalin na gaba zan turo shi nan. Ka gaida mini Inna da yara.