Idan an tura ka wurin likitan zuciya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, shekara 8 ke nan ina fama da hawan jini, yanzu kuma ƙafafuna sun kumbura, ina haki ko da 'yar tafiya na yi. Likitan garinmu ya rubuta mini takardar zuwa asibitin koyarwa. Me ya hana shi ba ni magani kawai? (Wani magidanci daga Gusau)

Amsa: Malam, likitanka ya yi daidai. Kumburin ƙafa da haki suna iya zama alamun gazawar zuciya, wato zuciya ta kasa harba jini yadda jiki yake bukata, amma ciwon ƙoda da na hanta da na huhu da ƙarancin jini duk suna kawo irinsu, kuma maganin wannan ba shi ne na wancan ba. Abin da yake raba gardama shi ne hoton zuciya da ake kira eko, wanda yake nuna girman zuciya, da lafiyar ƙofofinta, da yawan jinin da take fitarwa a kowace bugawa. Idan bai wuce kashi 40 cikin 100 na jinin da ke cikinta ba, ƙarfinta ya ragu. A Ingila ana fara auna wani sinadari a jini mai suna NT-proBNP: wanda nasa ya haura 2,000 sai ƙwararre ya gan shi cikin mako 2, wanda ke tsakanin 400 da 2,000 kuwa cikin mako 6. A nan ba ko'ina ake samun gwajin ba, saboda haka kada takardar ta kwana a aljihu. Ka tafi da dukan magungunanka, har da na gargajiya.

Tambaya: Wata 2 da haihuwata, numfashina yana sarƙewa, ba na iya kwanciya sai na jingina da matasai. Gwaggona ta ce gajiyar jego ce. (Wata mai jego daga Kano)

Amsa: 'Yar'uwa, ba na raina kulawar gwaggo, amma wannan ya wuce gajiya. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, har likitocin Zariya da Kano sun daɗe suna nazarinsa. Ki je asibiti yau, kada ki jira ranar ganin likita. Ki dakatar da kunun kanwa, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin watanni idan an fara magani da wuri, sai dai kada ki sake ɗaukar ciki sai an maimaita hoton zuciyar, likita ya amince.

Tambaya: Mahaifina ya samu sauƙi bayan ganin ƙwararre. Zai iya daina shan magani? (Wani ɗalibi daga Maradi)

Amsa: A'a. Idan gazawar zuciya ce ke damunsa, maganin furosemide yana fitar da ruwa ne, shi ya sa kumburi yake sacewa, amma magunguna irin su carvedilol da spironolactone su ne suke rage kwanciya a asibiti tare da tsawaita rayuwa, kuma barinsu yakan dawo da ciwon. Baba ya rage gishiri da dunƙule, ya guji diclofenac da ibuprofen, ya riƙa hawa sikeli kowace safiya; idan nauyinsa ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ku mayar da shi asibiti.