Ƙanina, bakwai a IELTS ba ita ce ƙarshen Turanci ba

Jiya da dare wani ƙanina ya sake turo min saƙo daga Zariya, wai Yaya na ci 7 a IELTS (jarabawar gwajin Turanci ta masu son fita waje), me ya rage in banda biza? Ga amsar da na ba shi, na gaji da maimaitawa.

Barka da arziki, amma wlh Turancin da zai cinye maka kuɗi ba ya cikin jarabawar nan. Shekarar da na ɗauko iyali zuwa birnin Leeds a Ingila na ga talla an rubuta small family flat, ni a kaina ƙaramin gida ne na mai iyali, ko tambaya ban yi ba na tura kuɗin ajiya, sai da muka tsaya ƙofar gidan da jakunkuna yara uku suna rawar sanyi, mai gidan ya ƙirga mu da ido ya ce ai shi nufinsa gidan ƙaramin iyali, mata da miji da ɗa guda. Sati biyu muka yi a falon wani bawan Allah ɗan Gombe. Har yau in na tuna yadda uwargida ta rungume autanmu a bakin titi raina ɓaci yake.

Mu Hausa ta saba mana da sauƙi. Tsohon malamin makaranta daban, malamin tsohuwar makaranta daban, kalmar da kanta ta nuna maka waye ya tsufa. Su kuwa old school teacher kawai, kai za ka laluba. A rubutu ɗan karan ɗori ne ke raba gardamar, small-family flat, kuma masu talla ba sa damuwa su sa shi. A baki kuma nauyin murya ne, English teacher in an danna kalmar farko mai koyar da Turanci ne, in ta biyu aka danna malami ne Bature ɗan Ingila.

Yadda suke jera siffofi kuwa, girma, shekaru, launi, wato big old red car, wannan kunnenka zai ɗauka cikin 'yan watanni, ni yanzu rahoton ofis ɗinmu ta hannuna yake bi.

Toh in ka ga part time student job ka tsaya, aikin ne na ɗan lokaci ko ɗalibin? A Birtaniya bizar ɗalibin digiri awa 20 ta yarje maka a sati lokacin karatu. Tura imel ka tambaya awa nawa, ka adana amsar kafin ka sa hannu.