Gansakuka ta cinye min tankin kifin teku, me zan fara saya?

Tambaya: Malam, tankina na ruwan gishiri lita 200 ne, wata biyar da kafa shi. Koriyar gansakuka mai gashi-gashi ta rufe duwatsun, in na tsige, kafin mako ta dawo. Da ruwan famfo nake haɗa gishirin. Kuɗin hannuna abu ɗaya zai iya saya: maganin kashe ta, sikima (na'urar kwashe datti da kumfa), ko na'urar tace ruwa ta RO/DI. Wanne?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi RO/DI, kada ka yi wata-wata. Gansakuka da abinci take rayuwa, abincinta kuwa naitiret ne da fosfet, sai haske. Ruwan famfo kan zo da su, har da silika, wasu hukumomin ruwa ma da gangan suke zuba fosfet don kada bututu ya yi tsatsa. Ga kuma abin da ake yawan mantawa: idan ruwan tanki ya ragu saboda zafi, ruwan ne kaɗai ya tashi, duk abin da ya narke a cikinsa yana nan. Duk ranar da ka cike gurbin da ruwan famfo, taki ka ƙara mata.

Ka haɗa da ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan da na'urar ta fitar ya nuna 0, da ya fara nuna 1 ko 2, matatar ƙarshe ta gaji, a sauya ta. Da wannan ruwan za ka riƙa canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari duk mako, gishirin ya tsaya a 1.025 ko 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa. Ranar canjin ruwa ce ranar tsiga. Ka naɗe gashin a jikin sabon buroshin haƙori, kana murɗawa, bakin tiyon zuƙa na kusa da hannunka yana kwashe ɓurɓushin da ya saki. Abin da ka fitar a bokiti ya fita ke nan da naitiret da fosfet ɗin da ya sha.

Magani kam ba na so ka fara da shi. Zai kashe ta, ta ruɓe a cikin ruwan, abin da ta ci ya koma inda ya fito, wata ta tsiro. Sikima ita ce sayayyarka ta gaba in kuɗi ya samu, domin tana kwashe datti a cikin kumfa tun bai rikiɗe ya zama naitiret ba, za ka ga baƙin ruwa mai wari ya taru a kofinta. Kafin nan ka rage hannu wajen abinci, iya abin da kifin zai cinye cikin minti biyu, fitila kuma kada ta wuce awa 8. Sai ka yi haƙuri, don duwatsu suna riƙe fosfet, a hankali suke sakinsa. Aikin watanni ne.

Tambaya: Na auna ruwana, naitiret 0, fosfet 0, amma gansakuka na nan. Ina da murjani a tankin. In sayi GFO?

Amsa: 'Yar'uwa, dakata tukuna. Sifilin nan yakan zo ne saboda gansakukar tana shanye abin tun bai kai ga ma'auninki ba. GFO garin ƙarfe ne mai kama fosfet, yana aiki sosai, amma na tankin da fosfet ɗinsa ya yi yawa ya ƙi sauka ne, can ma da rabin awo ake farawa. Murjani yana bukatar ɗan kaɗan a ruwa, masu kiwo da yawa suna barin naitiret tsakanin 2 da 10 ppm (wato miligiram a kowace lita), fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1. In aka ƙarar da su ƙaf, murjani ya koɗe, sannan a buɗe ƙofa ga dino, wani yauƙi na ƙananan halittu, wanda ya fi gansakuka wuyar kora nesa ba kusa ba.

Ki duba da kyau abin da ke gabanki. Ƙura mai ruwan ƙasa a kan yashi da gilashi, musamman a sabon tanki, dayatom ce, silika take ci, takan wuce da kanta. Jan shimfiɗa mai yauƙi da ke ɗagowa falle guda sayano ne, ƙwayar bakteriya ce, tana son inda ruwa ba ya motsi, sai ki juya injin kaɗa ruwa ya fuskanci wurin. Mai yauƙi ruwan ƙasa da ƙananan kumfa a jikinsa, shi ne dino. In kuwa koriya ce mai gashi, kuɗin GFO ɗin ki sa su a ƙaramar fitila da ciyawar ruwa ta Chaetomorpha a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban. Ki kunna mata fitilar da dare ta yi girma, ta yi wa gansakukar kishiya wajen abinci, ki riƙa yanke wani ɓangare kina zubarwa.

Tambaya: Tankina lita 100. Kifin tang zan saya ya ci gansakukar, ko dodon koɗi?

Amsa: Dodon koɗi. Tang kifi ne mai yawan iyo, lita 100 ta yi masa kaɗan ƙwarai. Nemi Trochus, shi in ya faɗi rigingine yana iya juyawa da kansa. Turbo ya fi ci, sai dai yana ture ƙananan murjanin da ba a manne ba. Fara da huɗu ko biyar, in suka yi yawa abinci ya ƙare su mutu da yunwa, gawarsu ta ɓata ruwan. Kuma ba sa son dogon gashi, sai ka tsige shi ya zama gajere kafin ka sake su.