Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni ma za ta iya kama ni?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya ko ciwon nasa zai iya bin ka, da yadda za ka kare kanka.

Gado na da hannu, amma babban mai laifi hawan jini ne. Shi kuwa ba ya sallama. Mutum na harkokinsa lafiya lau alhali jijiyoyin jininsa na lalacewa, har ranar da ta ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. In ta zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciya. Don haka ka je a auna ka, ko a kemis ɗin unguwar Terminus ta Jos ne. In awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama, ka ga likita a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Idan an ɗora ka kan magani, kada ka daina don ka ji sauƙi. A nan mutanenmu ke faɗuwa.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Ka bar sigari, a duba maka suga. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Sanyin Jos ba uzuri ba ne, sa rigar sanyi.

In baki ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.