Tambaya da Amsa: Kakarmu ta rasu, dangi sun rabu kan yadda za a tuna da ita

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Kakarmu ce Allah Ya yi wa rasuwa, Inna muke ce mata, kuma wallahi ba mu kaɗai ta bari da maraici ba har da rabin unguwa. Ita ce mai wankan gawar mata, in naƙuda ta kama mace cikin dare ƙofarta ake bugawa ta zura hijabi ta tare keke napep sai asibitin Dantsoho, lokacin rigakafin foliyo ita ke shiga gaba gida-gida don sai an ga fuskarta ake fito da yara. To yanzu arba'in ta matso, guruf ɗinmu na WhatsApp ya rabu biyu, su kawu sun ce a buga kalanda da jota da hotonta a kafa kanofi a yi taro, yayyenmu sun ce bidi'a ce a haɗa kuɗin a yi bohol, har wasu sun fara fita daga guruf ɗin. Ni dai so nake a yi abin da zai isar mata. Ya zan yi?

Jikarta, daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin kalanda kafin bohol akwai abin da ban ji kin ambata ba, amanar mutane. Mace irin Inna da wuya a ce babu ajiyar wani a ɗakinta. Ku duba akwati da cikin kwanukan jere da ƙarƙashin katifa, ba mamaki ku tarar da kuɗin adashi ƙulle a leda, ko yadin likkafani da wata tsohuwa ta saya ta ce a ajiye mata. A yi cigiya a masallaci da islamiyya, mai bin ta bashi ya zo, wanda take bi shi ma ya zo. Bashi da wasiyya su ke gaba da rabon gado, wasiyya kuma ba ta wuce ɗaya bisa uku na dukiya. Kuma kar wani ya ɗebi kuɗin gado ya ce zai mata sadaka sai magada sun yarda, in da ƙaramin maraya a cikinsu to rabonsa ba a taɓawa sam.

Batun arba'in kuwa malamai sun daɗe suna saɓani a kai, nan Kaduna sai ki ga masallaci biyu a layi ɗaya kowa da fahimtarsa, ba ni zan raba wannan gardamar a shafin mujalla ba. Amma a yanke zumunci saboda matar da ta ƙarar da ƙarfinta wajen hidimar mutane, haba.

Jota da kalanda dai ni ba na so, gaskiya. Na sha ganin fuskar bayin Allah a takardar da aka ƙunso ƙosai, mai ta jiƙe sunan da addu'ar da ke ƙasan hoton.

Bohol yana da asali mai kyau, Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Sai dai ki zagaya unguwanni ki ga tankunan da aka rubuta sadakatul jariya a jikinsu amma ko ɗigo ba sa bayarwa, sumo ya ƙone ba mai gyara, ko ba wuta ba kuɗin mai. In za ku yi to tun yanzu a san wa zai riƙa kula da shi, in da hali a sa sola. In kuɗin bai kai ba ku gyara wanda ya mutu a unguwar, shi ma ruwa ne.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne, yau in mace ta rasu a layinku wa zai wanke ta? Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira abu uku ya ce ba sa yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a, mu kuma kullum na farkon muke riƙewa saboda shi ne ake kafa wa allo. Inna ta tafi da ilimi a hannunta. Ki nemo matan da suke kama mata aiki, tabbas akwai su, wadda ke zuba mata ruwa da wadda ke yanka likkafani, ku samu malama a islamiyya ta zaunar da ku ku koya, ke ma ki shiga ciki kar ki ce tsoro kike ji. Ba sabon abu ba ne, haka Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa koyar da jajis, wato matan da ta naɗa jagorori, su kuma su kai wa mata ilimin har ƙauyuka.

Kuma kar ki raina aikin kakarki. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji, Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira, kuma irin su Inna ne suka riƙa sallama a zaure har aka kai wurin. Akwai matar da take sharar masallacin Madina, ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, da ya yi cigiyarta ya ce a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata sallah, yana cikin Bukhari da Muslim.

Sai ƙawayenta, tsofaffin nan da suka zauna zaman makoki. Annabi (SAW) in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ki riƙa leƙa su da ɗan goro ko sabulu, ki nemi izini ki kunna rikodin a wayarki su ba ki labarinta, za ki ji abin da ko mamanki ba ta sani ba, kuma ki yi da wuri don su ma shekaru sun ja.

Shi kuma guruf, kar ki tsaya musu a ciki, ke jika ce, rubutu kuma ba ya nuna ladabi. Ki je gidan kawun da ya fi kowa zafi ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Kawu an yi cigiyar masu bin Inna bashi kuwa? Ki bar shi ya kai maganar guruf da bakinsa.