Likita, ciwon a hanta yake, me ya kai ruwa ƙirji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekarunsa 58, ya daɗe da cutar hanta nau'in B, har likitoci suka ce hantar ta taurare. Kwanan nan ya fara haki, ba ya iya kwanciya sai ya jingina. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga ruwa ya taru a ɓangaren dama. An zuƙe, ya dawo, aka sake zuƙewa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne cikinsa bai wani kumbura ba. Yayana ya ce a sa masa roba a ƙirji a bar ta kawai, likitansa ya ƙi. Ko huhun ne shi ma ya kamu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Idan gwaji ya nuna zuciyarsa da ƙodarsa ƙalau suke, kuma babu tarin fuka ko ciwon daji, to huhun lafiyarsa lau. Danne shi aka yi. Ruwan ma ba a cikinsa yake ba, a tsakaninsa da haƙarƙari ya kwanta.

Daga ciki ruwan yake tasowa. Idan hanta ta taurare, jinin da ke zuwa mata daga hanji ba ya samun hanyar wucewa, sai ya matse a jijiya. Ga shi hantar ta rage haɗa sinadarin albumin mai riƙe ruwa a cikin jini, ƙoda kuma tana ta tara gishiri. Sai ruwa ya riƙa tsatsowa cikin ciki. Tsakanin ciki da ƙirji akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka wadda muke numfashi da ita. A wasu mutane tana da 'yan ƙananan huji, yawanci ba su kai santimita 1 ba, kuma sun fi yawa a dama, daidai saman hanta. Duk jan numfashin da Baba zai yi, ƙirji na zuƙo ruwan ta hujin kamar sirinji, ba ya kuma komawa. Shi ya sa cikinsa bai kumbura ba: ruwan ba ya zama a can, wucewa yake yi. Kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu taurin hanta ne ke samun wannan, kuma kusan 85 cikin 100 daga cikinsu a dama yake fito musu. Ciki na iya ɗaukar lita 5 mutum yana harkarsa, amma lita 1 a ƙirji ta isa ta hana shi barci.

Game da roba kuwa, ina bayan likitansa, kuma ki gaya wa yayanki haka. Na san da zafi a ga ana ta soka wa tsoho allura. Sai dai ruwan nan ba ya ƙarewa, domin jiki na ta haɗa sabo. Idan aka bar roba, kullum albumin da gishirin jini na tsiyayewa, mutum ya rame, ƙoda ta gaza, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, cire robar ma ya zama aiki. Galibi ba a sa ta sai idan ruwan ya zama mugunya. Ko zuƙewa da allura akan tsaya a lita ɗaya da rabi zuwa 2 a zama guda, saboda huhun da ya buɗe farat ɗaya yana iya cika da ruwa shi ma.

Maganin farko a tukunya yake: sodiyam kada ya wuce giram 2 a rana, wato gishiri kamar giram 5, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Sai magungunan sa fitsari guda biyu, spironolactone da furosemide, waɗanda likita ke ƙarawa a hankali yana duba ƙoda. Kada ku ƙara da kanku. Ku nisanta shi da magungunan rage zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, suna lalata ƙodar mai irin wannan ciwo. Idan yana shan tenofovir ko entecavir, wato magungunan cutar hanta nau'in B, kada ya daina ko da ya ji sauƙi.

Idan duk da haka ruwan na dawowa, akwai aikin da ake kira TIPS: a ratsa wani ɗan bututu a cikin hanta domin jini ya sami hanya. Yana taimakon mutane da yawa, amma ba ya dacewa da wanda hantarsa ta yi rauni ƙwarai, kuma yana iya jawo ruɗewar hankali. Abin da ke kawar da matsalar baki ɗaya dashen hanta ne. Ba zan ɓoye miki ba, fitowar ruwan nan alama ce ciwon ya yi nisa, don haka ku tambayi likitansa tun yanzu ko Baba ya cancanci ɗaya daga cikin biyun.

Ruwan na iya kamuwa da ƙwayoyin cuta ko babu ciwon huhu. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, barci da rana da sambatu, raguwar fitsari, aman jini ko baƙin bayan gida, kowanne kuka gani ku kai shi asibiti a ranar.